Giwar da Fure Ta Gina wa Ruwa

Duk wanda ya taɓa sayen randa a kasuwar Kontagora ya san Fure, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai faɗin kafaɗa da ke zama a ƙarshen layin masu tukwane da guntun ƙarfe a hannu. Kafin ka gama sallama ta riga ta jawo tulu ta ƙwanƙwasa maka, ta ce ka saurara. In ya amsa da ƙara tas, to ya gasu, ka ɗauka. In ka ce za ka je ka duba na gaba ba za ta hana ka ba, sai dai ta bi ka da ido irin na wanda ya san za ka dawo. Kuma dawowar ake yi.

A wani ƙauye bayan Rijau aka haife ta, Badukkiya ce, har yau Hausarta da gishirin Dukanci a ciki. Wurin kakarta ta koyi gini. Tana da shekara tara ta gina 'yar tukunyarta ta farko, ta shanya a bayan ɗaki, ta ruga wasa. Hadari ya taso, ruwa ya sauka, ta dawo ta tarar da taɓo. Kakar ba ta doke ta ba, ai da dukan ya fi sauƙi. Cewa ta yi ta kwashe taɓon da hannu biyu ta kai wa kowace mata a gidan ta nuna mata aikinta. Daga ranar Fure ta riƙe abu guda: abin da bai shiga wuta ba ba a gama shi ba, kuma magini ba shi da abokin gaba kamar ruwa.

Aure ya kawo ta Kontagora. Mijinta Benjamin ya rasu yara na ƙanana, da yumɓu ta raini Joy da Francis har suka zama mutane. Roba ta zo ta cika kasuwa, abokan sana'arta suka watse, wasu suka koma suyar ƙosai, ita ko gezau. Takan ce ruwan randarta da sanyinsa ko an kawo wuta ko an ɗauke, a nuna mata robar da ta iya haka. Mace ce mai faɗa, wannan ba a ɓoye yake ba, amma tun da take ba a taɓa dawo mata da tukunya an ce ta yoyo ba. Shekara arba'in da wani abu ba wasa ba ne.

To, a cikin damina, watan Agusta ya raba, wani Ba'indiye ya tsaya a gaban tukwanenta. Sunansa Dattu, injiniya ne a wani injin casar shinkafa da ke kan hanyar Salka, ya kusa shekara ashirin a garin, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya ciro waya ya nuna mata hoto: mutum ne zaune da ƙaton tumbi, hannu huɗu, kansa kan giwa, ga ɗan ɓera a gindin ƙafarsa. Ya ce Ganesha ke nan, abin bautarsu, saura sati uku bikin haihuwarsa. Kowace shekara matarsa Sulabha ce ke gina siffarsa da hannunta, amma bana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, hannun dama ya mutu. Ko za ta iya gina musu irin wannan? Da yumɓu zalla, ban da fenti.

Fure ta daɗe tana kallon hoton. Ta gina tanda, ta gina kaskon turare, ta gina tukunyar burkutu da sai mutum biyu ke ɗauka, amma giwa mai zaman mutane ba ta taɓa ba. Abin da ya ja ta shi ne maganar hannun nan. Ta dubi nata hannun, ta juya shi, ta ce ya dawo ana saura kwana biyu, sai kuma ta ce a'a, ita za ta kai musu har gida.

Ga inda gizo ya yi saƙar. Dattu bai ce kada a gasa ba, don a garinsu ko yaro ya san ba a gasa wannan. Fure ba ta tambaya ba, don a garinsu ko yaro ya san ba a miƙa wa mutum ɗanyen aiki sai in raina shi aka yi. Kowa ya tafi yana ganin an fahimci juna sarai.

Ƙanenta Luka, mai tuƙa keke mai ƙafa uku, dattijo ne a cocinsu, shi ya fara tarar da ita tana murza hannun giwa a tsakar gida. Ya tsaya ya riƙe haɓa.

Ya ce, "Yaya, da ƙyar Baba ya rabu da tsafin gida, ke kuma kin ɗauko mana na Indiya?"

Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Na gina wa Musulmi butar alwala ban yi salla ba. Na gina wa masu burkutu tukunya ban sha ba. Hannu na ara wa matar nan, ban ara mata gwiwa ba. Matsa min daga haske."

Luka ya matsa. Ya san yayarsa, ya kuma san ba ta fashin coci ko ana ruwan ƙanƙara. Shi ne ma ya riƙa kawo mata yumɓu a kekensa daga ramin da take ɗiba.

Sau uku tana rushe kan tana sakewa, don kunnuwan sun ƙi zama yadda take so. A na huɗu suka zauna. Ta goge jikin da dutsen guga har ya ɗauki sheƙi. Sai maganar wuta, kuma gashin tukwane a tsakiyar damina duk magini ya san wahalarsa. Ta fito da busasshen kara da kashin shanu da ta ɓoye a ɗaki tun rani don randunan kaka, ta ƙone su kaf a kan abu ɗaya. Ta yi sa'a sama ta riƙe ruwanta yini guda. Da ta janye shi daga toka yana zafi ta yayyafa masa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, ya fito ja wur da duhu-duhu a gefen kunne. Ta ƙwanƙwasa, ya amsa. A ranta ta ce wannan ko jikokin Ba'indiyen sai sun gaje shi.

Ranar Litinin da hantsi Luka ya kai ta gidan, can bayan injin. Sulabha na zaune a kujera a baranda, siririyar mace mai furfura a goshi, ta rufe hannun dama da gefen mayafinta. Suka gaisa. Fure ta kwance zanen da ta naɗe kayan, ta ajiye a kan tebur, ta ja da baya tana jiran abin da ta saba ji.

Fuskar Sulabha ta yi haske, ta ce kai, ko a garinsu ba ta ga mai kyan wannan ba. Ta miƙa hannun hagu ta shafa kunnen. Zoben da ke yatsanta ya taɓa shi, ya yi ƙara. Sai hasken nan ya ɗauke. Ta sake ƙwanƙwasawa a hankali, ta dubi mijinta, ta yi masa magana da yarensu, sai ga hawaye.

Dattu ne ya yi bayani, yana ta sosa ƙeya. Ganesha baƙo ne. Ranar bikin ake shigo da shi gida, a zaunar da shi, a ciyar da shi, a yi masa waƙa, washegari da la'asar a raka shi kogi a sa shi a ruwa ya narke, ƙasa ta koma ƙasa. Wanda aka gasa ba zai narke ba, zai kwanta a gindin kogi kamar dutse. Ba a gayyatar baƙo a jikin da ba zai iya komawa gida ba.

Ran Fure ya ɓaci, ɓaci ba kaɗan ba. Wato sati uku ta yi tana gina abin da za a jefa a ruwa? Karanta na kaka ta ƙone a banza? Ta ce da sun faɗa tun farko ai da ta ce su nemi yara masu wasan taɓo, su ne gwanayen wannan. Ta figi zanenta ta yi waje, ta ce wa Luka ya tayar da keke.

Ba su kai titi ba ta ce ya tsaya. Ta zauna tana kallon tafin hannunta. Ba kunyar kuskuren ce ta dame ta ba, rashin sani ai ya fi dare duhu. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yadda matar nan ke ƙara jan mayafi tana ɓoye hannu tana kuka. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ta ce wa Luka ya juya.

Ta tarar da Sulabha inda ta bar ta. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a gabanta, ta ce ta gaya mata gaskiya, me ya sa sai lallai wannan biki. Da Hausarta mai tsalle-tsalle Sulabha ta ba ta labari. A wurinsu, in ji ta, uwar Ganesha ita kaɗai ce a gida, ta kankare kwaɓin kurkum da ta shafa a jikinta, ta mulmula yaro da hannunta, ta hura masa rai. Ita kuwa Sulabha shekara goma sha ɗaya ta yi a gidan miji ba haihuwa. Ta yi alkawari in ta samu ɗa, duk shekara da hannunta za ta gina siffar nan muddin tana numfashi. Ta samu, yana can ƙasarsu yana karatun likita. Shekara ashirin da uku ba ta taɓa fashi ba, har nan Kontagora da ba mai yin bikin sai ita da mijinta. Bana ga hannu ya tafi, jibi Laraba ne bikin.

Ta ce, "Mama Joy, ko kin gina ɗanye, ba hannuna ba ne. Alkawari ya karye."

Fure ta ce, "Ina hannun?"

Sulabha ta ƙara ƙudundune shi. Fure ba ta iya lallashi ba, ba a kuma koya wa tsohuwa sabon hali. Ta sa hannu ta yaye mayafin, ta kamo hannun nan mai sanyi da yatsu a lanƙwashe, ta juya shi kamar mai duba kayan aiki a kasuwa. Ta ce tafin da laushinsa, ya fi dutsen gugarta, kuma babban yatsan zai yi ramin ido. Ta ɗaga murya ta ce wa Luka ya je gida ya kwaso sauran yumɓun da ke ƙarƙashin buhu, da yashi rabin kwano, da babban kaskonta.

A barandar nan suka yini. Fure ta zauna a dama da Sulabha, ta ɗora mataccen hannun a kan yumɓu, ta rufe shi da nata, suka riƙa murzawa tare. Hannun hagu na Sulabha na tallafe, yana nuna inda haure ɗaya zai karye, inda hannun giwa zai karkata hagu. Fure ta yi shi ƙarami, tsawon tafi biyu, cikinsa rami kamar tulu, bangonsa siriri, don ta san abin da ke gabansu: yumɓu a damina yakan yi sati bai bushe ba, su kuwa kwana biyu gare su. Da suka zo tumbin ta danna tafin Sulabha a kai ta zagaya da shi har ya yi sumul. Sulabha ta yi dariya, karo na farko tun da ciwon ya same ta, in ji mijinta.

Shi kuwa injiniya, bawan Allah, ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce a kai siffar injin a sa a na'urar busar da shinkafa, awa biyu an gama. Fure ta ce ya kai kansa. Ya jawo fanka, ta ce in ya kunna ta sai abin ya tsage gida huɗu, ya je ya ji da ƙarafansa. Abin da ta yi shi ne ta soya yashi a kasko yadda ake yi wa gyaɗa, ta bar shi ya huce har ta iya tusa gwiwar hannu a ciki ba ta janye ba, ta ɗure a tsumma ta cusa a cikin ramin, ta zagaye gindin da saura, ta kife randa a kai. In yashin ya yi sanyi a sake wani. Ɗumi ake so, ba zafi ba. Wutar da ta bauta wa shekara arba'in, ranar sai da ta riƙa korar ta daga aikinta.

Talata ma haka ta yini tana sauya yashi, ba ta je kasuwa ba. Da yamma wata 'yar tsaga ta fito a bayan kunne, Sulabha ta kama baki. Fure ta kwaɓa yumɓu da ruwa kaɗan, ta shafe ta da gashin kaza, ta ce kada wanda ya sake ɗaga randar sai ta zo.

Laraba da safe ta ɗaga. Ya bushe, fari-fari kamar garin dawa, ba tsaga. Ta kai ƙarfenta za ta ƙwanƙwasa don sabo, sai ta tuna, ta mayar da shi ƙugu.

Ta so tafiya, Sulabha ta ce ina, mai gini ba ta tafiya ba ta ga zaman baƙo ba. Ta zauna a bakin ƙofa, ita da Luka, suna kallo. Dattu ya fita waje da siffar an lulluɓe fuskarta da farin ƙyalle, ya sake shigowa kamar wanda ya ɗauko baƙo daga tasha. Sulabha ta zuba ruwa a ƙafafun mijin a bakin ƙofa, aka zaunar da Ganesha a kan ɗan benci da aka shimfiɗa wa jan yadi da ɗanyar shinkafa. Da rana ta take aka yaye ƙyallen. Suka ɗiga masa jan gari a goshi, suka jera jajayen furanni, suka ɗora ciyawar kiri-kiri, wadda akuyar Fure ke ci kullum, an ƙirga ganye ashirin da ɗaya an ɗaure. Suka kunna kafur a faranti, Dattu na zagayawa da shi, Sulabha na kaɗa 'yar ƙararrawa da hagu, suna waƙa su biyu rak. Sannan aka kawo wasu 'yan dunƙule na garin shinkafa da aka turara, cikinsu kwakwa da mazarƙwaila, su ma ashirin da ɗaya, wai su Ganesha ya fi so. Luka ya ce lallai mai wannan tumbi ba zai so abu mai ɗaci ba. Aka zubo musu nasu daga tukunya, ya cinye biyar.

Fure ba ta durƙusa ba, ba wanda ya ce ta durƙusa. Amma ta ga yadda matar nan ke kallon abin da suka gina, ta san kallon, irin wanda ta yi wa Joy ne ranar da aka miƙo mata ita a tsumma. Wancan gasasshen kuwa Sulabha ta sa an ɗora shi a kan kabad a falo, ta ce shi ba a gayyace shi ba, ado ne, zai zauna.

Alhamis da la'asar Luka ya kwashe su zuwa kogi, wani wuri da ya sani bayan gonakin rake inda gaɓar ba ta da tsayi. Ruwan damina ya cika, ja, yana tafiya da ƙarfi. Suka sake kunna kafur a bakin ruwa, suka ɗaura wa baƙon ɗan guzurin shinkafa da nono a ganye, suka roƙe shi ya dawo baɗi da wuri. Wasu mata masu wanki suka tsaya suna kallo.

A nan aka ga matsala. Gangaren da santsi, Sulabha ba ta iya tsayuwa sai Dattu ya riƙe ta da hannu biyu, in ya sake ta za ta faɗi. Luka ya riga ya koma wajen keke ya juya baya, shi iyakarsa ke nan, kuma ba a ga laifinsa ba. Sulabha ta dubi Fure.

Ta ce, "'Yar'uwa, hannun da kika ara min, ki ƙarasa min da shi."

Fure ta tattare zane ta ɗauki siffar. Ba nauyi, kamar jariri. Ta shiga ruwa har gwiwa. Gaskiya ba ta so, duk jikinta bai so ba. Wannan ne aiki mafi kyau da ya taɓa fita daga hannunta, ya fi gasasshen nesa, ga sawun tafin Sulabha a tumbinsa, ga ramin idon da mataccen yatsa ya yi. Dattu ya ce ta tsoma sau biyu, a na uku ta saki. Ta tsoma, ta ɗago, ta tsoma, ta ɗago. A na uku ta kasa buɗe hannu. Ta tsaya a sunkuye, ruwa na wucewa ta tsakanin yatsunta, tana jin kunnen da ta sha wahalarsa yana laushi, hannun giwa ya saɓule, tumbin ya buɗe. Ba ita ta sake shi ba, shi ya tafi. Ta ɗago da taɓo cike da hannu biyu, kamar ranar da take da shekara tara, hawaye na zuba, ba ta da hannun sharewa.

Ta juyo tana neman inda za ta ɓoye fuska. Sai ta ga Sulabha a bakin gaɓa ta ture mayafi da kanta, ta tallafo hannun dama da na hagu, ta miƙo shi a buɗe a gaban masu wanki da kowa. Al'adarsu ce a koma gida da ɗan abin da kogi ya bari. Fure ta fito daga ruwa, ta zuba mata taɓon a tafin, ta lanƙwasa mata yatsun a kai ɗaya bayan ɗaya.

A hanyar komawa Fure ta yi ta faɗa, wai baɗi in ba su zo mata da sati shida a gaba ba kada su zo, kuma injiniya kada ya kuskura ya matso da fankarsa. Sulabha na zaune a gefenta. Hannun na kan cinyarta a fili, taɓon na bushewa a kai, har suka shiga gari ba ta rufe shi ba.